Jiran Medieval III: A Ina Za Su Yanke Taswira A Wannan Karon?

A farkon watan Disamba na shekarar 2025, kamfanin Creative Assembly da ke garin Horsham a ƙasar Ingila ya yi bikin cika shekara 25 da fara fitar da jerin wasanninsa na kwamfuta da ake kira Total War. A wajen bikin ne ya ba da sanarwar da masu sha'awar waɗannan wasanni suka daɗe suna dako, wato ya fara aikin Total War: Medieval III. Wanda ya gabace shi, Medieval II, ya fito tun a watan Nuwamba na 2006, ka ga ke nan sai da aka shekara 19 kafin a ji ɗuriyar magajinsa. Yaron da aka raɗa wa suna a waccan shekara yau ya isa shiga jami'a. Kamfanin bai faɗi ranar fitowa ba a lokacin sanarwar, ya dai ce aikin yana matakin farko. Ni ma ina cikin masu jiran, kuma abin da nake jira in gani ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na san wani mai karatu zai ce, "Malam, duk matsalolin da suka dabaibaye mu, ka rasa abin rubutu sai wasan yara?" Ina roƙon ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci, domin kuwa wannan wasa ya sha bamban da irin wanda yaro ke riƙe da bindiga yana bin lungu yana harbi. Taswira ake shimfiɗa wa mai wasa, a damƙa masa daula guda, a ce ya mulke ta na tsawon ɗaruruwan shekaru. Shi zai yanka haraji, ya gina ganuwa da kasuwa da wurin ibada, ya aika jakadu da fatake da 'yan leƙen asiri, ya aurar da 'yar sarki ga maƙwabci domin ƙulla zumunci. In ya tsananta haraji talakawa su yi masa bore, in ya sassauta da yawa baitulmali ya bushe ya kasa ciyar da dakarunsa. Idan runduna ta yi kiciɓis da runduna kuwa, sai wasan ya sauko da shi fagen fama, ya jera 'yan baka da masu mashi da barade da hannunsa. A taƙaice dai dara ce, sai dai 'ya'yanta garuruwa ne da al'ummomi.

Medieval II ya ɗauki tarihi daga shekarar 1080 zuwa 1530. A tsakanin nan mai wasa zai ga Mongolawa sun kwararo daga gabas, ya ga baƙar annobar nan ta tsakiyar ƙarni na 14 ta share garuruwansa, ya ga albarushi ya zo ya mai da sulke da kwalkwali abin tarihi. Ɗalibi kan karanta babin tarihi daren jarrabawa, ya manta da shi washegari, amma mai wannan wasa yakan shafe watanni yana kallon taswira ɗaya, har ya san inda Antakiya take da inda Ƙurɗuba take fiye da yadda ya san ƙananan hukumomin jiharsa. Idan muka tuna cewa a Nijeriya an shekara 13 ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, sai a 2022 aka ƙaddamar da dawo da shi, kuma a wannan shekara ta 2022 ce aka fitar da Medieval II a wayar salula, za mu gane cewa wasan ya zama makaranta ga wasu yaran, makarantar da babu malami a cikinta. Abin tambaya a nan shi ne, me take koyarwa?

Mu dubi taswirar Medieval II. Ta ɗauko Turai gaba ɗaya, da Gabas ta Tsakiya, da Arewacin Afirka. Can ƙasa a gefen taswirar, inda hamada ta ƙare, an ajiye Tumbuktu. Ba a ba ta sarki ba, ba a ba ta daula ba, an sa ta cikin garuruwan da wasan ke kira na 'yan tawaye, waɗanda duk wanda ya riga isa ya kama ya zama nasa. Abin da ya sa masu wasa suka san ta shi ne zinariya da hauren giwa da aka zuba a kewayenta, don haka kowa ke rige-rigen tura fatakensa can. Babu Mali, babu Kanem, balle a yi maganar Kano ko Katsina. Yaron da ya yi wata shida a kan wannan taswira, ba tare da an furta masa kalma ko ɗaya ba, ya riga ya koyi cewa kudancin Sahara wurin ɗibar dukiya ne wanda ba shi da masu shi. Wannan kuwa darasi ne da muka san inda ya kai mu a ƙarni na 19.

Alhali tarihin da wasan ke iƙirarin bayarwa ba ya cika sai da wannan yanki. Daular Murabiɗai, wadda ke mulkin Maroko a lokacin da wasan ke farawa, daga ƙabilun Sanhaja na cikin Sahara ta taso, kuma sarkinta Yusuf bin Tashfin ne ya tsallaka teku ya karya rundunar Alfonso na shida a yaƙin Zallaƙa a 1086. A shekarar 1252 biranen Fulorans da Janowa na Italiya suka fara buga kuɗin zinariya, kuma kaso mai yawa na zinariyar da ke isa Bahar Rum a wancan zamani a bayan raƙuma take ƙetaro hamada daga Afirka ta Yamma. A 1257 sarkin Kanem ya aika wa sarkin Tunis kyautar raƙumin dawa, abin da ke nuna akwai jakadanci tsakanin Tafkin Chadi da gaɓar teku. A 1324 Mansa Musa ya bi ta Alƙahira zuwa aikin Hajji, ya kashe zinariyar da ta karya darajarta a kasuwar Masar, kuma a 1375 masu zanen taswira na tsibirin Mayorka suka zana shi zaune bisa karaga riƙe da curin zinariya. Ashe ke nan Turawan ƙarni na 14 sun san akwai sarki a wurin, sai jikokinsu na 2006 ne suka manta. Nan gida kuma, Tarihin Kano ya nuna an fara ganuwar birnin tun zamanin Sarki Gijimasu, Wangarawa suka iso zamanin Yaji, sannan Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shaihu Al-Maghili. Duk wannan yana cikin shekarun da wasan ya ɗauka.

Masu kare kamfanin za su ce ai kasuwanci yake yi, mafi yawan masu sayen kayansa Turawa ne da Amurkawa, kuma dole taswira ta tsaya a wani wuri, tun da kowace daula da aka ƙara tana bukatar masu zane da masu bincike da kuɗi. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba ni cewa lalle sai an sa kowane birni daga Daura har Gwanja. Amma idan har za a sa zinariyar wuri a taswira, adalci shi ne a sa mutanen da ke haƙo ta da sarakunan da ke karɓar kuɗin fito a kanta. In ba za a iya ba, gara a yanke taswirar a Sijilmasa a huta.

Bugu da ƙari, abokan gasarsu sun riga sun nuna abin mai yiwuwa ne, kuma bai karya kowa ba. Kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin, a wasansa Crusader Kings III da ya fito a 2020, ya sa Daurama ta Daura cikin 'yan tsirarun shugabannin da yake gabatar wa mai wasa ya zaɓa a shekarar 867, har da Bayajidda a gefenta. A Victoria 3 na 2022, wanda ke farawa daga 1836, mutum na iya riƙe Daular Sakkwato. A Civilization VII na kamfanin Firaxis da ya fito a 2025, Sarauniya Amina ta Zazzau tana cikin jagororin da ake zaɓa. Yau akwai matasa a Jamus da Barazil da suka san sunan Daura ta dalilin wasa, waɗanda da ba don haka ba har su mutu ba za su ji shi ba. Saboda haka wanda zai fitar da wasan wannan zamani bayan duk waɗannan, ya bar Tumbuktu babu mai ita, ba shi da sauran uzuri.

Abu na biyu da zan zuba wa ido shi ne yadda za su ɗauki addini. A Medieval II Fafaroma kan yi shelar yaƙin Salibiyya, limamin da ya kai wani matsayi na tsoron Allah kuma ya yi shelar jihadi, amma a aikace duka biyun hanya ce kawai ta sa runduna ta yi sauri a tafiya, ta sami mayaƙa da araha. Ba a ga madarasa da ɗakin karatu da aikin fassara yadda ya kamata ba, alhali a birnin Ɗulaiɗila na Andalus ne aka juya littattafan likitanci da falaki daga Larabci zuwa Latin a ƙarni na 12. Sulhu ma tarihi ne: Salahuddin da Richard na Ingila sun ƙulla yarjejeniya a 1192, Sarkin Masar Al-Kamil da Frederick na biyu suka ƙulla tasu a 1229. Wasan da sunansa ma yaƙi ne ba za a hana shi yaƙi ba, sai dai ya kamata yaron da ya tashi daga kansa ya san cewa mutanen wancan zamani sun yi ciniki da karatu tare fiye da yadda suka gwabza.

To, amma kada mu ɗora wa baƙo laifin duka. Masu ƙera waɗannan wasanni ba sa zuwa Gidan Makama a Kano, ba sa buɗe akwatunan rubuce-rubucen Gidan Arewa a Kaduna, ba sa karanta ajami. Abin da suka tarar a intanet da harshen da suke ji shi suke ɗauka, inda suka ga giɓi kuma su cike da kintace. Tarihin Kano da suke dogaro da shi, fassarar da Palmer ya buga ce tun 1908. Kundayen digiri nawa ne a sassan tarihi na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, waɗanda aka yi a kan ganuwa da sarautun yaƙi da hanyoyin fatauci, suke kwance ƙura ta rufe su? Wanda ya ɓoye kayansa a ɗaka ba ya zargin kasuwa da rashin taya su.

Kuma ƙofar gyara a buɗe take ga mai son shiga. Kafin Paradox ya fitar da Europa Universalis V a watan Nuwamba na 2025, ya riƙa nuna taswirarsa yanki-yanki tun 2024, har da Afirka ta Yamma, yana karɓar gyara daga jama'a yana sake zane. Shi ma Creative Assembly ya yi sanarwar Medieval III da wuri fiye da al'adarsa. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin tarihi da ɗalibinsa mai jin Turanci za su iya zama su tsara jerin garuruwa da sarakuna da shekarunsu, su bayyana yadda lifidi yake da yadda ake jera 'yan baka da dawaki, su fassara, su ɗora inda mai nema zai samu. Aikin mako kaɗan ne, amma yana iya shiga idon miliyoyin mutane, abin da wata mujallar jami'a ba ta taɓa mafarki ba.

Ga matasanmu masu ɗokin fitowar wasan kuwa, shawarata ita ce a yi hattara da aljihu. Rome II na wannan kamfani ya fito a 2013 cike da matsaloli, sai da aka yi ta gyara kafin ya daidaita. A watan Disamba na 2023 kamfanin da kansa ya nemi afuwar masu sayen kayansa, ya rage farashin wasansa Pharaoh, ya mayar wa waɗanda suka riga suka saya wani kaso na kuɗinsu. Don haka kada wanda ya biya kuɗin abin da bai gani ba, musamman a yadda dala take da naira. Sauri ya haifi nawa, kuma wanda ya yi haƙurin shekara 19 ba zai kasa ƙara 'yan makonni ya ji ta bakin waɗanda suka gwada ba. Su kuma iyaye, maimakon kwace waya kawai, a ƙayyade lokaci, sannan a zauna a tambayi yaro wace daula yake riƙe da ita, wane ne sarkinta, me ya same ta a zahiri. Daga nan hanyar littafi take buɗewa.

Ranar da Medieval III ya fito, mutane da yawa za su fara duba ƙyallin sulke da yadda ganuwa ke rushewa. Ni kam kudu zan fara jan taswira, in ga ko akwai tuta a kan Tumbuktu, ko akwai suna a bakin Tafkin Chadi. In na tarar da su, zan yaba wa kamfanin. In ban tarar ba, zan tambaye shi dalili, sannan in juyo in tambayi malamanmu na tarihi abin da suka aika. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.