Daga Ringim Zuwa Kujerar Alƙali: A Ina 'Ya'yanmu Mata Suke Maƙalewa?

Kwanakin baya wata hidima ta 'yan'uwa ta kai ni wata kotun Shari'a a ƙasar Ringim, inda na yi zaman jira tun da hantsi har bayan azahar. Cikin ƙararrakin da aka saurara kafin a zo kan tamu har da ta wata matashiya da ta zo neman a raba aurenta. Sau uku alƙali yana tambayarta dalili, sau uku tana sunkuyar da kai tana cewa ita dai ta gaji. Ga miji a gefe, ga mahaifinta a gefe, zauren kuma cike da maza. Sai da aka ɗage zaman, wata ma'aikaciyar kotun ta ja ta gefe suka yi ƙus-ƙus, sannan aka gane cewa damuwarta irin wadda 'ya ba ta iya furtawa a gaban mahaifi ce, alhali kuwa shari'a ta san da irin wannan matsala, ta kuma tanadar mata hukunci. Da na tambaya, sai aka ce mini ma'aikaciyar nan difloma gare ta a fannin shari'a, ta fi shekara goma tana rubuta sammaci da ajiye takardu, kuma bisa dukkan alamu a kan wannan tebur za ta yi ritaya.

Tun daga ranar nake ta juya al'amarin a raina. Mu 'yan Arewa mun iya murnar mace ta farko, kuma muna da abin yin murnar. Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar ta zama lauya a Ingila a 1966, ta zama alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano a 1977, wato lokacin da Ringim da Dutse da Haɗejiya suke cikin Jihar Kano, shekara goma sha huɗu kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ke nan mu ma alƙaliyarmu ce. Ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1987, ta hau Kotun Ƙoli a 2005, tana cikin alƙalai uku da suka saɓa wa rinjaye a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2007, sannan ta zama Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014. Abin da ba a cika faɗa ba a wuraren walima shi ne, a shekarun 1980 an tsallake ta an ɗauki na ƙasa da ita lokacin da kujerar Babban Jojin Kano ta zama babu kowa. Sai a 2023 Kano ta tabbatar da mace, Mai Shari'a Dije Abdu Aboki, a kan wannan kujera. Mai karatu ya lissafa tazarar da kansa.

Amma ba a can sama nake ganin babbar matsalarmu ta Jigawa ba. Tsanin a ƙasa ya karye, kuma a Ringim ne aka fi ganin karayar.

Garin Ringim ba baƙo ba ne ga harkar doka. Ya ba Jigawa Babban Joji, Mai Shari'a Aminu Sabo Ringim, ya ba Nijeriya Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Hafiz Ringim, daga 2010 zuwa 2012. A cikinsa ne kuma kwalejin jiha ta koyar da shari'a da addinin Musulunci take, wadda daga baya aka haɗa mata horar da malamai. Ga uban da ba ya son 'yarsa ta yi nisa, wannan kwaleji rahama ce: yarinya daga Taura ko Garki ko Ɓaɓura za ta yi karatu a inda ake jin labarinta kullum. Sai dai irin waɗannan kwalejoji tun asali an kafa su ne don samar da alƙalai da ma'aikatan ƙananan kotuna. Namijin da ya fito daga cikinsu yana iya farawa da aikin rajistara, ya ƙara karatu, wata rana a wayi gari yana kan kujerar alƙali. Macen da suka zauna aji ɗaya, wataƙila ma ta fi shi maki, wannan ƙofa ba a buɗe mata take ba. Ni dai tun da jiharmu ta ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000 ban taɓa shiga kotun Shari'a na tarar da mace tana yanke hukunci ba.

Na san dalili, kuma ba na raina shi. Mashahurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne mace ba ta alƙalanci. Hanafiyya sun yarda ta yi a abin da ba haddi ko kisasi ba, Imam Ɗabari kuma ya yarda ta yi a komai. Sudan, ƙasar da ta aiko mana da shehunan da suka fara koyarwa a makarantar shari'a ta Kano a 1934, ta naɗa mace alƙaliya tun 1965. Kundin tsarin mulkinmu ma, a sashe na 276 da ya zayyana sharuɗɗan zama Kadi a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, bai ambaci jinsi ba. Duk da haka wannan muhawara ta malamai ce, kuma ba zan yi shigar sauri a cikinta ba. Mu ɗauka an tsaya a kan Malikiyya. To, ai fiƙihu bai hana mace wakiltar wani a gaban alƙali ba, kuma kotun majistare da Babbar Kotu ba su rufe wa kowa ƙofa ba. Abin da hakan ke nufi shi ne, ɗanmu namiji yana da hanya biyu zuwa kujerar hukunci, gajera da doguwa, 'yarmu kuwa doguwar kaɗai aka bar mata.

Bari mu auna tsawonta. Yarinya ta gama sakandare tana da shekara 18, ta yi difloma ta shekara biyu. In ta yi sa'a jami'a ta ɗauke ta a aji biyu, saura shekara huɗu a Bayero ko a Kongo ta Zariya, in babu yajin aiki. Na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Daga nan sai Makarantar Horar da Lauyoyi, shekara guda ta zaman kwana. Akwai reshenta a Bagauda, kusa da gida, amma ana iya tura ɗaliba Bwari ko Yola ko Inugu ko Legas ko Yenagowa. Sai hidimar ƙasa. Sannan sashe na 271 ya ce sai wanda ya shekara goma da zama lauya za a naɗa alƙalin Babbar Kotun jiha. Ko da komai ya tafi daidai, ta kai shekara 35. Shekarun nan goma sha bakwai kuwa su ne na aure da haihuwa da raino a ƙasar Hausa. Namiji ma yakan yi aure a cikinsu, amma aurensa ba ya hana shi kwana a Bagauda, don akwai wadda ya bari a gida.

Wani cikas ɗin an kawar da shi, ya kamata a faɗa. A Disambar 2017 an hana Firdausi Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabi a ƙarƙashin hular gashin nan ta lauyoyi. Bayan doguwar taƙaddama aka amince da hijabin, aka rantsar da ita a Yulin 2018. Iyaye da yawa da suke kafa hujja da shigar lauyoyi ba su ma ji cewa zancen ya wuce ba.

Wadda ta ƙetare duk wannan sai ta tarar da kasuwa. Wata 'yar ƙanwata ta fara aiki a wani ofishin lauyoyi a Kano, abin da ake ba ta a wata bai isa kuɗin mota ba. Ita ke rubuta hujjoji har dare, amma ranar da za a yi wa shaida tambayoyi sai a tura namiji, wai mai ƙara ya ce ba ya son mace ta tsaya masa. Da ta haihu ta dawo, ta tarar an raba shari'o'inta. Shi ya sa mafi yawan waɗanda na sani suke neman Ma'aikatar Shari'a a Dutse ko kujerar majistare, inda akwai albashi da hutun haihuwa da fansho. Babu laifi a cikin haka, sai dai muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda Folake Solanke ta fara samu cikin mata a 1981, ana ba da shi ne ga wanda ya kai ƙarshen shari'a ashirin a Babbar Kotu, biyar a Kotun Ɗaukaka Ƙara, huɗu a Kotun Ƙoli. Wadda ake turawa kotu don neman ɗage zama kawai, yaushe za ta tara wannan? Bugu da ƙari, tun da aka mayar da shekarun ritayar alƙalan Babbar Kotu zuwa 70 a 2023, guraben da ake jira sai sun ƙara jinkirin buɗewa.

Akwai kuma batun asali, wanda ya fi cizon 'yan Jigawa, tun da ma'aikatanmu da yawa a Kano suke kwana, 'ya'yanmu kuma can suke aure. A Nuwambar 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda ta fito a gurbin Abiya, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali haihuwar Anambra ce. Abin mamaki, Mai Shari'a Aloma ce ke shugabantar shari'a a lokacin, kuma sai da Majalisar Dattawa ta sa baki. 'Yar Ringim da ta yi aure a Katsina, can a ce mata baƙuwa ce, gida a ce ai ta tafi. Ɗan'uwanta kuwa ko a Legas ya tare, ɗan Ringim ne har abada.

A 2021 Jigawa ta sa hannu a kan dokar hana cin zarafin jama'a, da kuma dokar kare yara. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, da uwar da ke neman riƙon 'ya'yanta, da gwauruwar da 'yan'uwan miji suka danne wa tumunin takaba, duk sai sun buɗe baki kafin doka ta yi musu aiki, kuma na ga da idona a gaban wa suke iya buɗe shi.

Don haka kiran da nake yi ga gwamnati a Dutse ba shi da tsada. A ɗauki waɗanda suka fi hazaƙa cikin matan da ke gama difloma a Ringim, a nema musu gurbin shiga jami'a kai tsaye, a biya musu har ƙarshen Makarantar Lauyoyi, da sharaɗin su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru, kamar yadda ake yi wa ɗaliban likitanci. Matan da suka daɗe a teburin rajista a ba su hutun karatu da albashinsu. Wakilanmu a Abuja su nemi a riƙa tura matan aure da masu goyo Bagauda. Reshen Dutse na Ƙungiyar Lauyoyi ya tsaya a kan mafi ƙarancin abin da za a biya sabon lauya, mace ko namiji. Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta jiha kuma ta riƙa bayyana wa jama'a duk shekara mata nawa ne suka nemi kujerar majistare ko ta Babbar Kotu, nawa aka ɗauka, kuma ta faɗa a rubuce cewa auren 'yar Jigawa a wata jiha ba ya soke mata gurbinta.