Haƙori Ɗaya, Raƙuma Biyar

 

A ran 15 ga watan Disamba na 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar nan da likitoci ke kira noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su. Gwamnatin Nijeriya ce ta kai wannan roƙo a madadin ƙasashe 32. Kada mai karatu ya zaci sunan daga noman gona ya fito. Kalma ce ta Yunanawa mai nufin cinyewa. Ciwo ne da kan soma wa yaro daga dasashi, ya ci kumatu da leɓe, ya tarar da ƙashi cikin ɗan lokaci kaɗan, galibi kuwa yaran da ke tsakanin shekara 2 da 6 yake kamawa. A ƙiyasin da Hukumar ta yi a 1998, yara 140,000 ke kamuwa da shi kowace shekara, tara cikin goma kuma sukan rasu in ba a yi musu magani ba. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999.

To, wannan labari ya shafi mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, ko da yake yawancin yaransu, da yardar Allah, ba za su gamu da noma ba. Dalili kuwa shi ne, ƙofar da noma ke shigowa ita ce ƙofar da ruɓar haƙori da ciwon dasashi ke shigowa, watau bakin yaro wanda babu mai dubawa. Su kuma waɗannan babu gidan da suka bari. Rahoton da Hukumar ta fitar a watan Nuwamba na 2022 ya ce kimanin mutum biliyan uku da rabi, kusan rabin 'yan Adam ke nan, suna fama da wani ciwo na baki ko haƙori.

Malamai ba baƙi ba ne ga darajar haƙori. Wanda ya karanta babin diyya a Risala ya san Shari'a ta yanka wa haƙori ɗaya raƙuma biyar. Baligi yana da haƙori 32. Ɗan kasuwa ya buga lissafi da kansa: raƙuma 160 ke nan mutum ke yawo da su a baki, alhali diyyar rai ɗungum raƙuma 100 ce. Asuwaki kuma yana cikin mustahabban alwala, kamar yadda kowane almajiri ya haddace a Ahalari da Ishmawi. Shi ya sa ake ganin dattijo ɗan saba'in a bakin masallaci, da itacen marke ko darbejiya a hannu, yana tauna goro daushe da haƙoran da ya yi famfara da su.

Amma a lura da abu biyu. Na fari, asuwaki a wurin jama'a abin manya ne, yana tafe da alwala. Yaron da bai isa salla ba, babu mai miƙa masa, shi ne kuwa ya fi kowa bukata. Na biyu, abincin da dattijon nan ya tashi da shi ba shi ne abincin jikansa ba. Shi tuwon dawa ya ci, da fura da nono. Zaƙi sai lokacin rake, ko in an samu mazarƙwaila da alewa ran kasuwa. Jikansa kuwa da shayi mai sukari yake karya kumallo, a ba shi biskit da hantsi, minti da azahar, lemon kwalba ko zoɓo mai zaƙi da la'asar, ya kwanta da cingam a baki. Daga Kwanar Dangora har Riruwai babu ƙauyen da ba a samun mai tebur da waɗannan kaya. Itacen da ya wadatar da kaka, ga shi an bar jika ba shi da ko shi, ga kuma sukari ya ninka.

Har yanzu akwai masu cewa tsutsa ce ke cin haƙori, har akan ga mai magani a kasuwa ya yi wa mutum turare ya nuna masa wasu 'yan fararen abubuwa a ruwa. Babu tsutsa. Abin da ke faruwa shi ne, akwai ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, suna zaune cikin daudar da ke manne wa haƙori. In sukari ya shigo su ci, su fitar da ruwa mai tsami wanda ke zaizaye farin bawon haƙori. Miyau yakan wanke tsamin ya gyara ɓarnar, amma sai an ba shi lokaci. Saboda haka minti biyar da yaro ya tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa yamma sun fi ɓarna a kan biyar ɗin da ya sha gaba ɗaya bayan tuwo. Mafi muni kuma zaƙin da aka kwana da shi, gama miyau yakan ragu in mutum ya yi barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke sha a yini kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Mai shan shayi kofi uku ya ƙidaya nasa.

Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba a dokar kuɗi ta 2021. Niyya ce mai kyau, amma 'yan kasuwa sun fi kowa sanin cewa naira 10 ba ta hana ciniki. Ba ta kuma taɓa minti da alewa ba, balle sukarin da ake awo a kwano.

Akwai kuskure guda da ke cinye haƙoran yara da yawa. Iyaye kan ce, ai na nono ne, zai yi famfara. Gaskiya ne haƙoran fari guda 20 duk za su zube. Sai dai in yaro ya kai kamar shekara 6, turmi na dindindin yakan tsiro masa a can ƙurya, sama da ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Mahaifiya ba ta san ya fito ba, in ta gan shi da rami ta ɗauka na famfara ne. Wannan turmi kuwa ba shi da magaji. Shi ne yakan tayar da saurayi ɗan sha biyar tsakar dare da kumburarren kunci.

Daga nan sai neman sauƙi. Kanumfari yana kwantar da zogi na ɗan lokaci, ba ya cike rami. Masu ɗiga ruwan batir ko ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori, dasashinsu suke ƙonawa. Likitocin haƙori kuma yawancinsu a birni suke, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda Jami'ar Bayero ke horar da su. Mutumin Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya bar gonar masararsa ko rumfarsa yini guda ko biyu. Don haka ba ya tashi sai ciwo ya ci ƙarfinsa, a lokacin kuwa abin da ya rage wa likita shi ne cirewa. Ramin da za a cike da wuri ya zama giɓi. Ya kamata hukuma ta ajiye ma'aikatan haƙori a manyan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi huɗu, suna zaga ƙauyuka da makarantu. Kafin wannan ya tabbata, aikin yana hannun gida da tsangaya da kasuwa.

A gida, da zarar haƙorin fari ya ɓullo, mahaifiya ta riƙa goge shi safe da dare. Makilin mai sinadarin fuloraid yana ƙarfafa bawon haƙori, abin da itace kaɗai ba ya yi sosai. Ga ƙaramin yaro gwargwadon ƙwayar shinkafa ya isa, daga shekara 3 gwargwadon ƙwayar wake, ya tofar kada ya haɗiye. Ba kishiyar asuwaki ba ne. Mai hali ya haɗa biyun, marar hali ya riƙe itacensa, ya bi haƙora ciki da waje har ƙurya, ba na gaba kaɗai da mutane ke gani ba.

Malamin tsangaya kuwa shi ne uba da uwa ga yaran da aka ba shi amana. Darbejiya ba saye ake yi ba. In ya sa kowane ƙolo ya yi asuwaki kafin karatun asuba da bayan na dare, kowace Alhamis kuma gardawa su duba bakin ƙanana, bai ƙara wa karatu nauyi ba, sunna ya raya. Shi ma mai tebur babu wanda ya ce ya rufe ciniki, amma yana iya ajiye buroshi da makilin kusa da minti, kuma ya yi tunani kafin ya cika wa yaro canji da alewa.

Abin da mai dubawa zai nema shi ne dasashi mai zubar da jini, ko gyambo a kansa, da warin baki mai tsanani, da kumburin kunci, musamman ga yaron da ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, ko mai tamowa. In an ga haka, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, kada a jira ran kasuwa. A wannan mataki maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da noma. In kunci ya riga ya yi baƙi ya huje, sai aikin gyaran fuska a Sakkwato.