Daga Littafi Zuwa Majigi: Wa ya fi 'yanci, Shaihu Umar ko mahaifiyar sa?

Matasa 'yan kallo sun saba da labarin 'yanci iri guda a finafinan mu: yarinya ta ce ba ta son Alhaji, a yi kuka, a yi waƙa a lambu, a ƙarshe iyaye su sauko. To amma tun kafin a san kaset ɗin bidiyo akwai littafin Hausa da ya taɓo maganar ta inda ta fi ciwo, wato ranar da za a yi cinikin mutum kamar akuya.

Littafin shi ne 'Shaihu Umar' na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya rubuta shi ya na malamin makaranta a Bauchi, don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Gasar ce ta haifar da 'Ruwan Bagaja' da 'Ganɗoki'. Marubucin kuwa shi ne ya zama Firayim Minista daga baya.

Umar maraya ne, tun kafin a haife shi uban sa ya rasu. Uwar sa ta auri Makau, wani bafade a Kagara, sai 'yan hassada su ka yi masa sharri aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace yaron, ya yi ta sauya hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare Sahara da shi. Can ya riƙe shi kamar ɗan cikin sa, ya sa shi karatu, har ya zama babban malami.

A nan gizo ke saƙar. Duba da kyau, mai karatu: Umar bai taɓa zaɓar komai ba. Bai gudu ba, bai yi tawaye ba. Sa'a ya yi ya faɗa hannun mai tausayi, kuma mai tausayin nan fataucin bayi na cikin sana'ar sa! Ilimi ne ya ɗaga darajar yaron, wannan gaskiya ne, sai dai sauran yaran da aka kora cikin ayari fa? Littafin bai tsaya a kan su sosai ba, kuma wannan rauni ne.

Wadda ta yi abu da ra'ayin kan ta ita ce uwar. Ba wanda ya tilasta ta. Ita ta ɗaura ɗamara ta fita neman ɗan ta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ta bi ta Murzuk har Tarabulus cikin bauta da wulaƙanci. Da su ka haɗu da Umar, ƙarfin ta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta cika. Wanda ya sallama ya tsira, wadda ta yunƙura ta halaka. Wasu na karanta wannan a matsayin darasin haƙuri da ƙaddara. Amma da wuya mutum ya rufe littafin bai ji cewa jarumar gaskiya ita ce matar nan ba.

Darakta Adamu Halilu ya maida labarin fim a 1976, Umaru Ladan ya fito a Shaihu Umar. Fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, har aka gano shi, aka gyara, aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018.

Ga furodusoshin Kano da Kaduna masu kukan ƙarancin labari, ga wani a ajiye: tafiyar uwar Umar daga farko zuwa ƙarshe, ta bakin ta. Rawa ce da za ta gwada kowace jaruma, domin babu kwalliya a cikin ta, babu canjin leshi sau goma, sai rana da rairayi da ƙishirwa.