Ƙari a Ƙwaƙwalwa Ba Taɓin Iska Ba Ne

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, a ƙauyukan Ajingi da Gaya in mutum ya riƙa wayewar gari da ciwon kai da amai, ganinsa yana dushewa, ko farfaɗiya ta fara kama shi da girmansa, sai a ce iskoki ne. Wani lokaci kuwa ƙari ne ya tsiro masa a ƙwaƙwalwa.

Kowace rana ƙwaƙwalwa tana samar da ruwa kimanin rabin lita, ya kewaye ta, ya kwashe datti, sa'an nan ya zurara cikin jini. In ƙari ya toshe magudanar, sai ruwan ya taru kamar kwatar da aka datse da damina, ƙoƙon kan babban mutum kuwa ba ya buɗewa. Wannan matsi shi ke lalata jijiyar ido. Bugu da ƙari, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da shinge mai hana magunguna da yawa shiga, kumburin kuma yana tauye wanda ya shiga, ya kasa ratsa ƙarin. Shi ya sa sau da yawa sai an yi tiyata, ko a sa siririn bututu mai janye ruwan zuwa ciki.

Irin wannan aiki ya fi ƙarfin ɗakin shan magani. Sai Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda ake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Kowane wata da aka ɓata wajen turare da girka, gani yake ci, jijiyar ido kuwa in ta mutu ba ta dawowa. Mu da muka yi karatu, wajibinmu ne mu faɗa wa iyayenmu haka in mun koma gida, mu kuma nemi hukuma ta koya wa ma'aikatan lafiya na karkara waɗannan alamu, su tura majinyaci Kano da wuri. Allah ya ba mu lafiya, amin.