Ba Kyawun Fili Kaɗai Ke Jawo Wa Birni Wasa Ba

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ya san filin wasa na Surulere, amma ba kowa ne ya san yadda aka yi Wasannin Afirka karo na biyu suka sauka a cikinsa ba. Tun asali Bamako aka bai wa, aka sa 1969, sai sojojin Mali suka hamɓare Modibo Keita a watan Nuwamba na 1968, magana ta watse. Da aka juyo Ikko kuma, yaƙin basasa ya sa aka ɗage wasannin har zuwa Janairun 1973, kuma babu abin da gwamnatin Janar Gowon ke bukata a sa'an nan kamar duniya ta zo ta gani da idonta ƙasar ta haɗe.

Duk da haka shugabannin wasanni ba su fasa cewa wai siyasa daban, wasa daban ba. Wannan kuwa magana ce ta fatar baki. A dubi abin da ya faru a Monte Carlo ran 23 ga Satumba, 1993, inda aka zauna zaɓen birnin da zai ɗauki Wasannin Olamfik na 2000. Bejin, babban birnin ƙasar Sin, shi ne kan gaba a zagaye uku na farko. Amma fa shekara huɗu ke nan da sojoji suka murƙushe masu zanga-zanga a dandalin Tiananmen, kuma tun kafin zaman Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin kada a ba Bejin. A zagayen ƙarshe birnin Sidni na Ostireliya ya sami ƙuri'a 45, Bejin 43. Daga baya shugaban kwamitin Olamfik na Ostireliya, John Coates, ya amsa da bakinsa cewa daren jajibirin zaɓe ya yi wa wakilan Kenya da Uganda tayin dala 35,000 kowanne, wai don raya wasanni a ƙasashensu. Ƙuri'a biyu ce dai tazarar, mai karatu ya yi lissafi.

To, shekara takwas bayan haka, a Mosko, Bejin ta lashe wasannin 2008 da ƙuri'a 56, Toronto mai bi mata na da 22. Jam'iyyar da ke mulki ba ta sake ba, sai dai kasuwar Sin ta ƙasaita, har kowa na ɗokin kafa rumfa a cikinta.

Nijeriya ma ta ɗanɗana. A 1995, zamanin Janar Abaca, ana dab da fara gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya, hukumar FIFA ta ɗauke ta zuwa Ƙatar, ta ce tsoron sanƙarau da kwalara take yi. 'Yan ƙasa da dama ba su yarda ba, suka ce fushin Turawa ne da mulkin soja tun soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993. Gasar ba ta zo ba sai a watan Afrilu na 1999, bayan an yi zaɓen farar hula, aka buga ta a garuruwa takwas, har da Kano da Kaduna da Bauci, aka kuma yi wasan ƙarshe a wancan fili na Surulere.