A KAI 'YAN LAKWAL BAKIN TABKI

'Yan'uwa 'yan jam'iyya na Madarunfa, da Ɗan Isa, da Gabi, da Safo, da Jiratawa, da Sarkin Yamma, ga magana a kan ilmin kimiyya, wadda muke so kowane reshe ya karanta ta a taronsa na ranar kasuwa.

Ku tsai da ɗan lakwal a hanya, ku tambaye shi sunan ruwa da Faransanci, zai faɗa muku tun ba ku rufe baki ba. To, ku tambaye shi abin da ya sa yaran da ke wanka a tabki suke fitsarin jini. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa! Shin wannan ilmi ne, ko kuwa karatun aku?

Mun san inda cutar ta samo asali. Nasara bai gina lakwal don ya fitar da masu bincike ba. Magatakarda yake so, da tafinta, da mai auna gyaɗa a kan sikeli. Yaron da ya yi Hausa a aji sai a rataya masa sambol a wuya, a yi ta yi masa dariya. Yaron da aka hana wa bakin uwarsa, da wane baki zai tambayi dalilin abu? Alhali kuwa kimiyya tambaya ce da gwaji. An sauke tutarsu ran 3 ga Agusta 1960, amma haddar da suka bari ta yi zamanta a kan allo.

Kada wani ya ce wannan zancen 'yan boko ne, bai shafi talaka ba. A Tibiri, nan kusa da Maradi, daga 1985 aka yi shekara da shekaru ana shan ruwan famfo wanda sinadarin fulor ya yi wa yawa, har ɗaruruwan yara suka lanƙwashe ƙafafu, haƙora suka lalace. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓulla daga nan yankin Madarunfa, ta bazu. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a ƙasar Ɗan Isa, aƙalla mutum 18 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya ji ƙansu. Mutanen da aka koya wa tun suna yara su tambaya, “Wa ya auna ruwan nan? Me zai riƙe bangon ramin nan?” ba a yi musu irin wannan cikin sauƙi.

Manya sukan ce wai babu kayan gwaji, babu kuɗi. Wannan hanzari ne na malalata. Ga tabkin Madarunfa a ƙofar gida, ga Gulbin Maradi, ga dajin Babban Rafi, ga gona ko'ina. Ga abin da kowane mushe zai iya yi gobe da safe, ba tare da ya jira takarda daga Yamai ba.

Na ɗaya, a kai yara bakin tabki a nuna musu 'yan ƙananan dodon-koɗi da ke maƙale a ciyawa, su tsaya a tudu kada su shiga ruwan. A bayyana musu yadda ƙwan tsargiya ke fita cikin fitsari, ya ƙyanƙyashe a ruwa, tsutsar ta girma cikin dodon-koɗin, sannan ta huda fatar mai wanka. Gani ya kori ji.

Na biyu, a cika kwalba biyu da wake mai ƙwari. A toshe ɗaya kam, a rufe ɗayar da ƙyalle. Bayan wata biyu a buɗe, yara su ƙirga ramukan wake da hannunsu. Daga nan za su gane dalilin da ya sa buhu mai ninki uku ke tsare wake ba tare da magani ba: ƙwaro ma sai da iska yake rayuwa.

Na uku, a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a filin lakwal, a auna ruwan sama da ma'auni duk safiyar da aka yi ruwa, a rubuta. Ga lissafi, ga kimiyya, ga amfanin manomi.

Na huɗu, a gwada geron da ke ƙarƙashin gawo da wanda ke fili. Gawo yana kakkaɓe ganyensa da damina, ya ba ƙasa taki, bai tare wa shuka rana. Manoman Maradi da suka soma barin tohon itatuwa a gonaki tun wajen 1983 sun mayar da miliyoyin itatuwa, har duniya tana zuwa koyo wurinsu. Me zai hana a kira dattijo guda ya koyar a aji?

Na biyar, kowane yaro ya iya haɗa ruwan ceton mai gudawa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Duk wannan kuwa a yi shi da Hausa tukuna, Faransanci ya biyo baya. Masu cewa wai Hausa ba ta ɗaukar kimiyya, su tuna da Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Tun 1964, a littafinsa kan ilmi a Afirka, ya nemi a koyar da yara da harsunan gida. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. A 2025 aka sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Ashe hujja ta ƙare. Amma doka a takarda ba ta shiga aji da ƙafarta, sai an kai ta.

Saboda haka kowane reshe ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su je lakwal ɗin garinsu su tambayi darakta cikin ladabi: gwaji nawa yaranmu suka yi da hannunsu bana? Su tara wa mushe kwalabe da gwangwanaye da tiya guda ta wake. 'Yan mata kuma kada a bar su baya, don su ne ke ɗebo ruwan da gida ke sha. Abin da kuka gano ku rubuto mana, mu buga a fitowa ta gaba, kowane gari da sunansa.

Allah ya ba talaka sawaba. Amin.