Ra'ayinmu: Mu tura ɗiyanmu su karanci shari'ar laifi

Kowace shekara, da an fidda sakamakon bakaloreya, hirar rumfunan kasuwa ɗaya ce: wane zai karanci likita, wance za ta shiga duwan. Da wuya ka ji uba ko uwa sun ce ɗansu zai karanci shari'ar laifi. Alhali kuwa, jama'a, ba wanda ke cin karo da laifi kullum kamar ɗan kasuwa. Shi ake miƙa wa jabun kuɗi, yaron shagonsa ke gudu da ciniki, shi ake kira a salula a yaudare shi. Ranar da magana ta kai kwamisariya, sai ya tsaya yana raba ido, don bai san inda hakkinsa ya fara ba, balle inda ya ƙare.

Wannan karatu ba sai an ƙetare teku ba. Ana koyar da doka a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010 tare da ta Maraɗi da ta Damagaram. Shekara 3 ɗalibi ya samu lisansi, ya ƙara 2 ya samu masta. Mai son zama alƙali sai ya ci jarrabawar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a da aka kafa a 2015.

To, mi ake koyo a ciki? Na farko dokar laifi, wadda Nijar ta rubuta tata tun 1961. Ita ke raba laifuka gida uku, ƙanana da matsakaita da manya, kowane da hukuncinsa. A nan ɗalibi zai gane cewa wanda ya sayi kaya yana sane na sata ne, shi ma mai laifi ne, ko da ya biya kuɗinsa cas. Masu sayen salula da babur na hannu, ku riƙe wannan.

Na biyu, hanyar da ƙara ke bi, daga ɗan sanda ko jandarma zuwa mai gabatar da ƙara, daga nan zuwa alƙali. Dokar 1961 ta sa awa 48 ga tsare mutum don bincike, sai in mai gabatar da ƙara ya ƙara wa'adi. Kuma duk wanda ake zargi, marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar. A wannan fanni ne ake bambanta bashi da zamba, abin da ya fi komi haddasa rigima a kasuwa. Macen da ta ɗauki atamfa bashi, ciniki ya ƙi, ta kasa biya a kan lokaci, maganarta ta kotun hulɗar jama'a ce, ba ta kaso ba. Amma wanda ya zo da sunan ƙarya ko takardar jabu ya karɓi kaya, ko wanda aka ba ajiya ya cinye, wannan ya shiga hannun dokar laifi. Mata nawa suka sayar da ƴan kunnensu cikin gaggawa don an tsorata su da ɗauri a kan bashi? Ƴan kasuwa nawa suka yafe dukiyarsu ga macuci don sun ɗauka bashi ne kawai?

Na uku, nazarin musabbabin laifi: mi ke kai yaro ga sata, ina rawar zaman banza, da barin lakwal, da shan tiramol? Mutanen Damagaram sun ga yadda ƙungiyoyin matasan da ake kira palais suka taso a unguwanni, sun kuma san kame kaɗai ba ya raba saurayi da wuƙa in ba shi da sana'a. Na huɗu, binciken kimiyya: zanen yatsa, gwajin jini, bin sawun kuɗin da aka tura ta salula. Tun da aka yi dokar laifukan intanet a 2019, ƙasa na buƙatar masu wannan ƙwarewa. Na biyar, gidan kaso da gyaran hali, da shari'ar yara, waɗanda doka ta ware wa alƙalansu tun 1999, don kada yaron da ya saci kaza ya fito ƙasurgumin ɓarawo.

Mun san abin da wasu za su ce: karatun da tsawo, kuɗin zama a Yamai da nauyi, aiki kuma ba tabbas. Gaskiya ne. Wasu kuma za su ce shari'a ta mai kuɗi ce. To, in ɗiyan talakawa da na ƴan kasuwa suka ƙaurace mata, wa zai gyara ta? Alƙalin da ya tashi yana taya uwarsa tallar ƙosai ya san darajar jika guda. Kuma kada a bar ɗiya mata a baya. Matar da aka ci wa zarafi ta fi sakin baki gaban mace ƴar uwarta, ko ƴar sanda ko lauya ko alƙaliya.

Muna kira ga ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na mata masu adashi, su ɗauki nauyin ko da ɗalibi guda daga cikin ɗiyansu, su kuma riƙa gayyatar masana doka su yi bayani a kasuwa. Hukumomi kuma, tun da kundin ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a fassara dokokin laifi, a koya wa ɗaliban shari'a yadda za su bayyana su da harshen da mai ƙara ke ji. Wanda ba a fahimtar da shi tuhumar da ake yi masa ba, ba a yi masa adalci ba. Allah ya kare mu da dukiyoyinmu, amin.